Cika Salkarka Tun Baya

Watanni kaɗan bayan na gama jami'a, Baba Alhaji, yayan mahaifina, ya aiko a kira ni. Ya sayi wani fili a hanyar Jiratawa, ya yanka shi gida-gida don sayarwa, ya raɗa masa suna Tudun Alheri, ya kuma sa wani ya tsara wa wurin kirari. Abin da ya nema a wurina bai wuce layi biyu ba: in rubuta a takardar talla cewa kirarin tsoho ne, kuma daga bakin mahaifiyarsa, wato kakata, muka gaje shi. In na rubuta, akwai kujera tana jirana a ofishinsa. Kaka ta riga ta rasu, ba za ta tashi ta ƙaryata kowa ba. Amma ni na zauna a gabanta tun ban iya ɗaura wando ba, na kuma san abin da take cewa game da garin da ya yi wa kansa kirari. Saboda haka, kafin in faɗi amsar da na bayar, wajibi ne in fara da abin da na ji, in kuma riƙa raba abin da na tabbatar da abin da nake zato kawai.

Sunanta Dije, mu dai Kaka muke ce mata. Bagobira ce ta Tsibiri, da zanenta a kumatu har gindin kunne. Ta yi mafi yawan rayuwarta a Maraɗi, a nan ta haifi ƴaƴanta duka, amma har ta koma ga Allah ba ta daina cewa "ku mutanen Maraɗi" ba, tana lanƙwasa baki kamar ta ɗanɗana miyar da ta kwana. Gidanmu yana unguwar Zariya. A kusurwar tsakar gida, ƙarƙashin itacen bedi, nan murhunta yake, domin sana'arta man gyaɗa ce da ƙuli-ƙuli, kuma ba ta yarda ta bari ba ko bayan da ɗanta ya yi arziki ya kai ta Makka. Tsakanin magariba da lisha take suyar gyaɗar gobe. Sai ta zuba rairayi a kasko, ta zuba gyaɗa, tana juyawa da sakaina, wuta na haska rabin fuskarta. Mu jikoki muna kewaye a kan tabarma, kowa da ƙwaryarsa yana ɓara. Sai ƙwarya ta cika ake buɗe tatsuniya. Da an kira lisha kuwa ta rufe ke nan, ko da kura ta riga ta buɗe baki za ta kama akuya. Akuyar sai ta kwana haka nan har gobe.

Ba ta fara tatsuniya yadda sauran tsofaffin unguwa suke farawa. Ita sai ta buga sakaina a bakin kasko ta ce, "Ga baƙuwa ta sauka, ƙafa duk ƙura." Mu kuma mu ce, "A ba ta ruwa." In ta kai ƙarshe sai ta ce, "Ta sha, ta ɗaure kaya, ta kama hanya." Na tambayi tsofaffi a Tsibiri da na girma, ban sami wanda ya san wannan buɗewa ba. Ina zaton daga gidan ubanta ta zo da ita, domin shi jagaban fatake ne, wato mutumin da ke shiga gaban ayari yana nuna hanya. Zato ne dai, ban tabbatar ba.

Cikin jikokin, mu biyu muka fi damunta. Rabi, ƴar Baba Alhaji, tana cin gyaɗa fiye da yadda take ɓarawa. Ni kuma ba na barin magana ta wuce. In jiya ta ce jakai bakwai, yau ta ce tara, sai na ɗaga hannu kamar a aji.

"Kaka, jiya bakwai kika ce."

"Biyu sun haihu da dare," in ji ta, ba ta ko dube ni ba. "Kai wanga miji nawa, da kai anka aika ka ƙidaya su? Ɗan Gyara."

Sunan ya bi ni har jami'a. Ban zaɓe shi ba, ban kuma taɓa jin daɗinsa ba, amma ban iya cewa ƙarya aka yi mini.

Ranar da nake son ba da labarinta, ina aji huɗu ne ko biyar a lakwal, wato makarantar boko. Rabi ta ce biyar, ni huɗu nake gani. Mushenmu, wato malaminmu, ya rubuta a allo cewa Maraɗi ita ce babban birnin tattalin arzikin ƙasa, ya sa muka maimaita har ya zauna mana. Na dawo gida ƙirjina a buɗe. Da muka zauna ɓara sai na karanta wa Kaka, da ƙarfi, don in rama raina mu da take yi.

Ta ci gaba da juya gyaɗa. Can ta ce, "Wa ya hwaɗi?"

"Mushe."

"Mushen ɗan ina ne?"

"Ɗan nan ne, bayan kasuwa gidansu yake."

"To, bai ƙirgu ba. In direbobin da ke kwana tasha sunka hwaɗi, na yarda, don su sun ga wasu garuruwa. Ɗan gari kau, ko kwata ce ƙofar gidansu, gulbi zai ce maka."

Daga nan ta shiga bayanin da ban manta ba. Ta ce ubanta bai san takarda ba, hanya duk a kansa take, kuma da kirarin garuruwa ya ɗaure ta. Kowane gari da ke kan hanyar kanwa da goro yana da ƴan kalmomi da fatake suka ba shi, kuma kalmomin aiki suke yi. Wani garin ana ce masa mai ƙaramar tiya, auna da taka. Wani ana ce masa kwana da ido ɗaya. Wani kuma sauke kaya ka huta. Jagaba yana jera su ɗaya bayan ɗaya kamar mai tilawa, daga zangon farko har na ƙarshe, wanda zai gaje shi yana saurare. In ayari biyu suka haɗu, jagabansu sai su koma gefe su tambayi juna ko wani gari ya sake hali. Ba a sake wa gari kirari sai bakuna da yawa sun shaida. Ta ce Kano ma, waɗanda suka shiga suka ɓace a cikinta su suka ce mata tumbin giwa. Wannan fassararta ce, ban same ta a wani littafi ba, na dai faɗe ta yadda na ji.

Rabi ta ce, "To Jiratawa fa?"

"Ubana shina ce mata ba a rasa miya. Garka ko'ina, lambu bayan lambu."

"Tsibiri fa?"

"Ke ƴar nema. Ni ɗiyar garin ce, ba ni da baki. Tahi ki tambayi baƙi."

Wannan ya sa har yau ban rubuta wa Maraɗi wani kirari nawa ba, ko da an nema. Sannan ta buga sakaina a bakin kasko, muka ba baƙuwa ruwa, ta fara.

Wai akwai wani gari a kan hanyar fatake, tafiyar kwana biyu daga zangon da ke bayansa, kuma a tsakani babu ko tafki. Garin yana da kasuwa, yana da attajirai masu rumbuna, amma rijiyarsa ɗaya ce, mai zurfi, mai rowa. Da rani guga kan fito rabi ruwa rabi laka. Fatake ba su zagi garin ba. Abin da suka ce masa shi ne: mai rijiya ɗaya, cika salkarka tun baya. Salka ita ce jakar fata da ake ɗaura wa jaki don ruwan hanya. Duk jagaban da ya kai wannan wuri a tilawarsa ya san a zangon baya zai cika kowace salka har wuya. Ayari sai ya iso da ruwansa, ya ci kasuwa, ya wuce lafiya. Haka aka yi shekara da shekaru, ba wanda ya cutu.

Attajiran garin ne abin ya dama. In suka je wata kasuwa aka tambaye su daga ina, suka faɗa, sai wani ya ce, "A'a, mutanen cika salkarka," a yi dariya. Suka dawo gida suka taru a zauren babbansu, kowa da babbar riga, suna ta huci. Akwai wani tsoho mai haƙar rijiya a bakin ƙofa, ya ce shi yana da shawara: a haƙa ta biyu a gindin wani gawo da ya daɗe yana kallo. Suka tambaye shi kwana nawa za a yi. Ya ce rani biyu, in Allah ya yarda.

A nan Kaka takan kumbura kumatu ta yi muryar babban attajiri. "Rani biyu? Mu zuba dukiya cikin rami? Wa ka leƙa rami ya ga abin da munka kashe? Kirari kau yau a yi shi, gobe a ji shi."

Suka aika aka kira wani maroƙi daga nesa. Kafin ya iso suka sa bayi suka ɗebo ruwa daga wani gari, aka cika randuna a masaukinsa, aka dama masa fura da shi, aka ba shi na wanka. Aka rufe rijiyar da murfin itace aka shimfiɗa tabarma a kai don kada ya gani. Suka ba shi doki da riguna. Ya kwana uku yana ci yana sha, ran na huɗu ya fito ya ce wa garin: gulbi sha ka bari, mai wanke doki da mahayinsa. Attajirai suka ji daɗi har wani ya yi hawaye. Suka gina ƙofa a bakin gari, doguwa, ba ganuwa a dama ba ganuwa a hagu. Suka tura masu shela kasuwa-kasuwa da sabon kirari.

Tsofaffin jagaba da suka ji, suka tofar da yawu suka ci gaba da cika salkunansu. Amma akwai wani madugu, wato shugaban ayari, mai lissafin tsiya. Ya duba ya ga ruwa nauyi ne. Duk jakin da ya ɗauki salka biyu, da kanwa ya ɗauka da an sami riba. Da suka sauka a zangon baya, jagabansa ya ce a cika. Madugu ya ce, "Ba ka ji an sake kirari ba?" Jagaba ya ce ya ji, amma daga bakin ƴan garin ya ji, bai ji daga bakin wanda ya sha ba. Madugu ya ce tsufa ne ke damunsa. Aka naɗe salkuna aka ɗora kanwa, aka kama hanya cikin bazara da ruwan yini ɗaya.

Ran na biyu da la'asar suka hango ƙofa. Jakai harshe a waje, mutane ba mai iya magana. Attajirai suka fito tarye da makaɗa, ana ta rera gulbi sha ka bari. Madugu ya buɗe baki da ƙyar ya ce, "Ina gulbin?"

Kaka takan tsaya a nan, ta kwashe gyaɗa daga kasko, ta sheƙe rairayi, ta bar mu muna jira. Sannan ta yi muryar attajiri, a hankali, kamar mai yi wa yaro bayani.

"Haba madugu. Ai kirari ne."

Aka kai su rijiya. Mata na layi tun safe, guga na fitowa da laka. Mutanen ayari dai sun tsira, don sun ba da kanwarsu an ba su ruwa ƙwarya-ƙwarya. Jakai kuwa a gindin sabuwar ƙofa suka faɗi ɗaya bayan ɗaya. Yawansu ban iya tabbatarwa. Na ji bakwai, na ji tara, ranar da ta yi faɗa da mahaifina kuma arba'in ta ce.

Labari ya bi hanya. Jagaba suka koma gefe suka yi shawara, suka cire tsohon kirari daga tilawa, suka sa sabo: kushewar jakai, ratse ta hagu. Hanya ta lanƙwashe ta bar garin. Kasuwa ta mutu. Attajiran suka watse cikin wasu garuruwa, in an tambaye su daga ina sai su faɗi sunan wani wuri. Ƙofar dai tana nan tsaye, in ji Kaka, awaki na kewaye ta.

"Ta sha, ta ɗaure kaya, ta kama hanya."

Rabi ta ce, "Maroƙin fa? An karɓe dokin?"

"Wa zai karɓe? Shi ya yi aikin da anka sa shi."

Ni kuma na ce, "Kaka, mene ne sunan garin?"

"Ga shi nan kuma. Ba shi da suna."

"Kowane gari yana da suna. Gabas yake ko yamma?"

"Duk inda ka ga ƙofa ba ganuwa, ka iso."

Gaskiya ce ba ta taɓa ba shi suna ba. Wani lokaci takan ce gabas da Jiratawa yake. In mutanen Maraɗi sun ɓata mata rai a kasuwa kuwa, sai ya matso kusa ƙwarai. A daren da nake faɗa, daidai lokacin Baba Alhaji ya shigo gaishe ta kafin lisha, ya durƙusa a gefen murhu da farar shaddarsa. Ta nuna shi da sakaina ta ce, "Ga uban Rabi nan, shi ma na ba shi tatsuniyar nan tun yana ƙarami. Ban san abin da ya ɗauka ba." Ya yi dariya ya ɗebi gyaɗa mai zafi yana hurawa.

Wannan shi ne abin da na ji. Yanzu ga abin da na gani.

Kirarin da aka tsara wa Tudun Alheri cewa yake: tudun da ruwa ke gaisarwa daga nesa. Da Baba Alhaji ya kwatanta mini inda filin yake, sai wani abu ya motsa a kaina. Na tuna wata rana Kaka ta tafi da ni Jiratawa sayen gyaɗa, muka wuce wani wuri ta nuna da haɓa ta faɗi wani suna har na yi dariya. Amma yaro ne ni lokacin, kuma ba na yarda da tunawar yaro ko da tawa ce. Na roƙi Baba ya ba ni kwana uku.

Washegari na tare ɗan kabu-kabu, mai babur ɗin haya, na ce ya kai ni Tudun Alheri. Ya ce bai san shi ba. Na ce hanyar Jiratawa, kafin garkoki, inda aka yi sabuwar ƙofa.

"Ka ce Ɗage-Wando mana, malam," in ji shi. "Hau. Allah ya taimake ka rani ne."

Sunan da Kaka ta faɗa ke nan. Ƙofar kuwa na same ta yadda na ji tsoro: ginshiƙi biyu na siminti, an yi musu fenti kore da ruwan zinariya, ba katanga a dama ba katanga a hagu. An zuba jar ƙasa a bakinta ta yi ɗan tudu. Da na wuce tudun da taku kaɗan sai ga baƙar laka ta tsattsage, irin wadda ruwa ke kwanciya a kanta ya daɗe. Akwai wani itace a tsakiyar filin, a jikinsa da zobe inda launin ɓawo ya sake. Na tsaya kusa da shi, zoben ya kawo mini cinya. Ban tsaya nan ba. Na tambayi masu garka uku, kowa daban, ba tare da na faɗi ko ni ɗan wane ne ba. Dukansu suna ɗaya suka faɗa. Na ukun, wani dattijo mai ban ruwan zogala, ya ƙara da cewa ba kowace shekara ba ce, sai daminar da gulbi ya cika. Na rubuta wannan ma, domin haƙƙin Baba ne a faɗa.

Ran na uku na sami Baba a mangazarsa, wato ɗakin ajiyar hajarsa, yana zaune a kan kujera ana sauke buhuna. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa abin da na gani, ban rage ba ban ƙara ba.

"Ɗan Gyara," in ji shi. "Na aike ka rubutu, ka tahi awon itace."

"Baba, zan rubuta takardar. Wurin yana kusa da kwalta, yana kusa da garkoki, ana kuma zuba ƙasa. Duk wannan gaskiya ne, zan tsara shi da kyau. A dai faɗi maganar ruwa, a kuma bar sunan Kaka."

"Motar kamyo nawa ta ƙasa na zuba, ka ƙidaya? Magudana ma za a yi. Kowace unguwa ta garin nan da wani suna ta fara. Ka ga an bar gina su?"

"In an yi magudanar, mutane za su sake masa suna da kansu."

"Mutane. Ƴan kabu-kabu za su raɗa wa filina suna." Ya juya ya dubi yaransa, suka yi dariyar da ake yi in mai gida ya duba. "Lisans ɗin jami'ar ke nan?"

Na ce, "Baba, kai ma ka ji tatsuniyar rijiya ɗaya. Ina wurin Kaka ta faɗa."

Ban yi tsammanin amsarsa ba, kuma har yau ita ce ta fi tsaya mini.

"Na ji ta tun ba a haifi ubanka ba. Wa ya kashe jakan? Madugu. An ce ya cika salka ya ƙi. Tatsuniyar cewa ta yi kowa ya bincika kafin ya taso. Mai saye shina da ƙafa, ya je ya gani. Kowa ya san kirari kirari ne."

Na ga ashe a tabarma ɗaya aka ba mu labari ɗaya, shi ya tashi da darasin attajirai. Kalmarsu ma bai sake ba.

Na ce, "In kowa ya san kirari ne, me ya sa ake son sunanta a ƙasa?"

Mu duka mun san dalili. Rabin matan Zariya sun sayi mai a hannun Kaka, sun san ba ta taɓa haɗa shi da wani abu ba. Sunanta ne zai sa mutum ya fasa zuwa dubawa.

"Uwata ce ko taka?" in ji shi.

"Taka ce, Baba. Shi ya sa na zo wurinka ban je wurin kowa ba."

Ya ɗaga hannu ya sallame ni. Kujerar ofis an ba wani a makon. Mahaifina bai yi mini faɗa ba, abin da ya ce kawai shi ne da na yi haƙuri, layi biyu ne. Takardar talla ta fito, mai sheƙi, da hoton ƙofa. A ƙarƙashin kirarin an rubuta "in ji magabata". Waɗanne magabata, ba a faɗa ba, kuma magabatan da ba su da suna ba su da jikan da zai tsaya musu. Sunan Dije dai babu. Ban iya cewa maganata ce ta cire shi, domin na ji Rabi ma ta shiga wurin ubanta ta daɗe. Na tambaye ta, ta ce in bar ta ta ci gyaɗarta.

Tun daga lokacin nake kallon allunan da ake kafawa a bakin garuruwa da unguwanni da wani ido. Wannan matattarar zaman lafiya, wancan cibiyar ilimi, wancan kuma gidan karamci. A zauna a ɗaki mai sanyi a zaɓi kalma mafi daɗi, a kira mai fenti, a yanka ƙyalle, a tafa. Babu ɗaya a cikinsu da ke gaya wa baƙo abin da zai yi in ya iso. Lokacin ina yaro na ɗauka Kaka raina garuruwa take yi, musamman namu. Yanzu na gane garin mai rijiya ɗaya bai taɓa ba ta haushi ba, ta ma fi tausasa murya in tana maganar matan da ke layi. Waɗanda take kumbura wa kumatu su ne masu babbar riga da aka nuna musu inda za a haƙa, suka zaɓi maroƙi. Tsohon kirarin da suke jin kunyarsa shi ne yake kawo musu ayari lafiya.

Damina ba ta faɗi ba tukuna a lokacin da nake wannan rubutu. Ba zan ce ruwa ya ci Tudun Alheri ba, domin ban gani ba, kuma mai yiwuwa a yi magudanar. Aiki dai har yanzu ina nema.

Kwanan baya na haɗu da mushenmu na lakwal a bakin masallaci, wanda ya rubuta mana maganar babban birni a allo. Ya tsufa, ya bar aiki. Ya riƙe hannuna ya ce yana son ya sami inda zai kafa wa iyalinsa ɗaki kafin ƙarfi ya ƙare, kuma ya ga takardar babana. Ya zaro ta daga aljihu, ta sha ninki.

"Kai ɗan gida ne," in ji shi. "Yaya wurin yake?"

Na ce, "Mushe, ni ɗan gida ne, ba ni da baki. Amma ka tare ɗan kabu-kabu ka kwatanta masa, ka ji abin da zai kira wurin."

"Kai ka ji?"

"Na ji. Ɗage-Wando."

Ya dubi takardar, ya dubi hoton ƙofa, ya daɗe. Sannan ya ninke ta ya mayar aljihu.

"To," ya ce. "Bari ruwa ya sauka, in je in gani da ƙafata."

Muka yi sallama. Na tsaya ina kallonsa har ya sha kwana, yana tafiya a hankali, da salkarsa cike.